Hajaratu Ungozoma da Fatar Kanti

Yayata Hajaratu ba ta taɓa haihuwa ba, amma rabin mutanen unguwarmu a Tawa ita ta yanke musu cibiya. A Bambeye aka haife mu. Aure ya kawo ta birni, ni ma na biyo baya. Mijinta ya rasu, nawa ya sake ni, sai muka haɗe gida ɗaya, ita da askarta ta ungozomanci, ni Fatimata da ƙwaryar furar da nake sayarwa. Doguwar mace ce marar son magana. Ni kuwa Allah ya haɗa mini rabona na surutu da nata, shi ya sa labarin nan ya faɗo a bakina.

A wurinmu mace durƙusawa take yi a kan rairayin ɗaki ta haihu. Aikin ungozoma shi ne ta yanke cibiya, ta shafa mata toka, ta wanke jariri, ta binne mabiyiya a bayan ɗaki. Askar da Hajaratu ke aiki da ita ta gada ne daga uwar mijinta, kuma tana ji da ita ƙwarai. A gefen zane take ɗaure ta, ko'ina ta je tana tare da ita.

Abu ɗaya take so fiye da askar nan, wato Sauda, ɗiyar wanmu marigayi, wadda ta riƙa tun daga yaye. Sauda ba ta san wata Inna ba sai ita. Da ta isa aure aka ba Yunusu, ɗan Kaltumi mai sayar da man shanu. Sau biyu Sauda tana haihuwa, duka maza, duka Hajaratu ta yanke musu cibiya, kuma babu wanda ya kai ranar suna. Yaro zai faɗo lafiya, ya kama nono da ƙarfi, a yi ta murna. Bayan 'yan kwanaki sai ya saki nono, baki ya ƙulle, baya ya sandare ya lanƙwashe, shi ke nan. Mutane suka ce iska ce. Muka ce to, muka yi kuka, muka haƙura.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai aka tara tsofaffin ungozomomi a likita, wato asibiti, wai ungozomar gwamnati, wadda ake kira sajfam, za ta yi musu bayani. Hajaratu ta tafi tana gunguni. Da ta dawo ba ta taɓa tuwo ba. Ta zauna a bakin ƙofa da wata jaka a cinya, har na gaji na tambaye ta ko an yi mata rashin kunya ne.

"Fatimata, yarinyag ga ta hwaɗi ciwon ɗiyan Sauda kaman tana nan anka yi," in ji ta. "Sakin nono, ƙullewar baki, dut. Ta ce ta cibiya shika shiga. Daga ƙasa, ko daga ƙarhen da ba a dahwa ba."

Hannunta yana kan kullin askar sa'ad da take faɗa. Na ce mata ajali ne, ta bar ɗora wa kanta. A lokacin Sauda na da ciki na uku, kuma ya fara tsufa.

Jakar da aka ba ta launin ƙasa ce, mai sheƙi, daga nesa sai ka rantse jemammiyar fata ce. A ciki akwai almakashi, da zare, da jan magani, da sabulu, da wata shimfiɗa mai santsi wadda ruwa ba ya ratsawa, don jariri ya sauka a kanta maimakon ƙasa. Yau ko yaron goye ya san leda. Mu a lokacin ba mu da sunan abin, sai muka ce fatar kanti. Amma fa wari! Wani irin wari ne tsakanin kananzir da ƙonannen gashi, mai kama maƙogwaro. Kwana ɗaya jakar ta yi a ɗakinmu, washegari masu sayen fura suka fara tambayata me na zuba a ciki. Na kusa jefa ta a rijiya.

Hajaratu ta ɗauki jakar ta tafi gidan su Sauda don ta nuna musu, na bi ta. Tana buɗewa Sauda ta toshe baki ta ruga bayan ɗaki tana amai. Sai ga Kaltumi ta fito daga madafi.

Dole in gaya muku wace ce Kaltumi. A kasuwar Tawa, in matan makiyaya suka sauko daga arewa da goran man shanu, ba ta buɗe gora. Bakin kawai take kai wa hanci ta ce wannan na jiya ne, wannan an gauraya shi da kitse, kuma ba a taɓa kama ta da kuskure ba. In gardama ta tashi a kan nama ko nono, ita ake kira ta raba. Ni da ita ba ma shan inuwa ɗaya tun ranar da ta ce gerona ya sha ruwa a rumbu, a gaban jama'a, kuma abin haushin gaskiya ta faɗa.

Ta tsaya cak a tsakar gida, fuskarta ta canza.

"Innar Sauda, mi kinka shigo muna da shi?"

Hajaratu ta fara bayani. Kaltumi ta ɗaga hannu.

"Na san warin ga. Ranad da rijiya ta rubza ma Almustafa munka kai shi likita, bisa gado mai irin hwatag ga anka aza shi. Ina zaune ina sheƙar shi har yac cika. Warin mutuwa na. Kuma kowa ya san sabuwar cibiya ba ta son baƙon wari."

Almustafa mijinta ne, uban Yunusu. Maƙwabta sun riga sun leƙo ta kan danga. A gabansu Kaltumi ta rantse da Allah cewa muddin hancinta ya ji warin nan, abin ba zai shiga ɗakin haihuwa a gidanta ba. Ta ƙara da cewa in Hajaratu ta nace, akwai wata tsohuwar ungozoma a bayan kasuwa, ita za ta kira.

"In na hidda warin hwa?" in ji Hajaratu.

"In kin hidda, kawo in sunsuna."

A hanya na ce mata, "Yaya, ki dahwa almakashin, ki shimhiɗa wankakken zane, a huta mana." Ta ce zane jiƙewa yake yi, ƙasa ta biyo jini ta hau, ga tsakar gidan Kaltumi cike da awaki da jakuna suna tattaka ta ana shiga da ita ɗaki. Ta ce ba ta san wanne ne ya ɗauke yaran ba, ƙasar ce ko askar, don haka duk abin da aka ce ta yi sai ta yi shi cif. Na san ta. In ta kafe, gara ka je ka roƙi dutse.

Mu mutanen da muka tashi cikin fata ne. Guga fata, salka fata, takalmi fata. In fata ta yi wari, kowa ya san wurin majemi ake kai ta. Saboda haka muka nufi wurin Illa, tsohon maƙwabcinmu na Bambeye, wanda ke jima a gefen gari. Ya juya jakar yana neman gefen gashi da gefen tsoka bai samu ba. Ya ja ta, ya lasa, har ya ɗan cije ta. Daga ƙarshe ya yanke hukunci cewa fatar wata dabba ce ta ƙasar Nasara, kuma wanda ya jeme ta rago ne, bai ƙarasa aiki ba.

"Ba hwatad da ta hi ƙarhin bagaruwa," in ji shi. "Ku bar mini duka."

Allah ya taimake mu Hajaratu ta hana shi shimfiɗar, ta ce ya fara gwadawa da jakar. Illa ya yi mata duk abin da ubansa ya koya masa. Ya jiƙa ta a ruwan bagaruwa, ya murje ta da man shanu, sannan ya shanya ta a kan falalen dutse da tsakar rana don ta sha man. Da muka koma karɓa, jakar ta yi ƙuraje ta ko'ina, bayanta yana saɓulewa yana manne wa yatsa. Man bai shiga ba, ya tsaya a sama ya lalace. Da wari ɗaya muka kai ta, muka tarar da biyu.

Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na ga idonsa. Tsoho ne mai shekaru a sana'a, kunya ta gama kashe shi.

"Hajaratu, ki gahwarce ni," in ji shi. "Abin ga bai taɓa zama jikin dabba ba. Bai shan ruwa, bai shan mai."

Saura shimfiɗa. Hajaratu ta koma likita ko za a canza mata, sajfam ta ce babu wata, amma warin zai fita da kansa a hankali. Cikin Sauda kuwa ba zai jira a hankali ba, har ya fara sauka. Matan unguwa suka ce a turara ta kamar yadda ake turara kayan amarya. Hajaratu ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta, ta kifa kwando, ta rufa shimfiɗar a kai. Kafin ta juya, kusurwa ɗaya ta nannaɗe ta yi baƙi, wani hayaƙi ya tashi wanda ya kore mu duka waje muna tari. Ta fizge ta da hannu, yatsunta biyu suka ƙone.

Ranar na ga yayata ta yi kuka, abin da ban gani ba ko ranar mutuwar mijinta. Ni ma na taya ta, ina kuka ina zagin Kaltumi da hancinta.

Washegari da safe ina wanke kwanon da na sa daddawa a ciki, ina dirza shi da toka da ruwan kanwa, sai na ga ta tsaya a kaina tana kallo.

"Illa ya ce bai shan ruwa, bai shan mai," ta ce. "To ai kwano na. Mu munka mai da shi hwata."

Daga ranar ta bi shimfiɗar nan kamar yadda mace ke bin kwano ko gora mai wari. Ta wanke ta da sabulu da ruwan kanwa, ciki da baya. Ba ta sake nuna mata rana ba, a zaure take rataye ta inda iska ke ratsawa. In ta bushe sai ta binne ta cikin buhun dusata, ta cusa gawayi a tsakani, dusar ta janye warin. Bayan kwana biyu ta fito da ita, ta zubar da dusar, wadda ko awaki suka ƙi ci, ta sake wankewa, ta sake binnewa a sabuwa. Dusata ta ƙare muka shiga roƙon ta maƙwabta. Kanwa ta cinye mata tafin hannu har ya tsattsage.

Warin ya ragu, wannan ba shakka. Matsalar ita ce hancinmu ya saba, ba mu iya rabewa. Duk wanda ya shigo sayen fura sai Hajaratu ta tura masa shimfiɗa a fuska. Sai muka lura da wani abu da ya hana ni sukuni. Masu zuwa da sanyin safiya cewa suke ba su ji komai ba sai dusa. Masu zuwa da rana kuwa sai su yamutsa fuska. Bazara ce, kuma zafi yana tayar da warin daga cikin abin. Na riƙa addu'a Allah ya sa Sauda ta haihu da asuba.

Wata rana ana gab da azahar Yunusu ya faɗo zaurenmu ba ko sallama, ya ce naƙuda ta kama tun hantsi, uwarsa ta hana a faɗa, kuma ta riga ta aika bayan kasuwa.

Hajaratu ba ta yi gaggawar da nake so ba. Sai da ta jefa almakashi da zare a tukunya suka tafasa, ni ina tsalle a kanta. Ta zuba su a kwano mai murfi, ta zaro shimfiɗar daga dusa, ta kakkaɓe, ta ninke ta a faifai. Muka fita cikin ranar nan mai narka mutum, ina biye ina riƙe da zane a kan faifan don in yi masa inuwa. A banza. Kafin mu kai ƙofar gidan shimfiɗar ta ɗumama, kuma ni da hancina ya mutu a kanta, na ji shi. Kaɗan ne, a ƙarƙashin ƙamshin dusa, amma yana nan. Na kalli Hajaratu, na gane ita ma ta ji.

Tsakar gida cike da mata, duk waɗanda suka ji rantsuwar suna nan. Tsohuwar bayan kasuwa tana zaune a gindin bango da askarta a cinya. Daga cikin ɗaki ana jin nishin Sauda, irin na ƙarshe-ƙarshe, tana kiran "Inna, Inna." Kaltumi na tsaye a bakin ƙofar, ta cika ta.

Hajaratu ta miƙa mata faifan da hannu biyu.

"Innar Yunusu, ga shi. Na yi abin da ni iya. Biyun da munka rasa, ni na yanke musu da hannuna, bisa ƙasa. Ban san ko shi na ba, Allah shi ya sani. Amma ban iya sake yin hakanan."

Kaltumi ta ɗauki shimfiɗar ta warware. Ta dubi kusurwar da ta ƙone. Ta dubi hannun Hajaratu, da tsagar kanwa da tabon wuta. Sannan ta kai shimfiɗar fuskarta ta rufe ido ta ja numfashi. Na ga jijiyar wuyanta ta motsa. Sauda ta yi wata ƙara a ciki, wata daga cikin matan ta ce kai ya fito. Na riga na shirya abin da zan yi in ta ce a'a, zan rungume ta ne mu zube ƙasa tare, Hajaratu ta tsallake mu ta shiga.

Kaltumi ta sauke shimfiɗar.

"Dusa nika ji," ta ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Dusa da gawayi. Shiga."

Ita da kanta ta durƙusa ta tura shimfiɗar a ƙarƙashin Sauda, kuma a kanta yaron ya sauka. Namiji ne. Hajaratu ta wanke hannu da sabulu, ta ɗaure cibiya da dafaffen zare, ta yanke da almakashi, ta ɗiga jan magani. Tsohuwar bayan kasuwa ta miƙo toka, Hajaratu ta ce mata a'a cikin ladabi.

Ba wanda ya yi guɗa da ƙarfi, don mun taɓa yin murna a ɗakin nan har sau biyu. Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. Hajaratu ta tare a gidan. Duk lokacin da yaron ya yi hamma sai ta leƙa bakinsa. In ya yi jinkirin kama nono sai ɗakin ya yi tsit, Sauda ta fara hawaye. Da aka zo kwanakin da 'yan'uwansa suka saki nono, rannan da hantsi yaron ya kau da kai ya ƙi kamawa. Sauda ta ƙwala ihu. Hajaratu ta karɓe shi, ta sa ɗan yatsa a bakinsa, sai ya yi gyatsa ya amayo mata nono a zane, ya koma ya kama abinsa. Ƙoshi ne kawai ya yi masa yawa. Na zauna a ƙasa na yi dariya har na koma kuka.

Ranar suna aka raɗa masa Attahir, aka yanka rago. Gida ya cika, ana ta rabon nama da fura. Na hango Kaltumi zaune a gefe ita kaɗai, ba ta taɓa komai ba. Farin ciki ya sa na manta da maganar gerona, na cika ludayi da fura na kai mata, har da tsokana.

"Sha, kakar Attahir. Ashe hancin naki ya tsuhwa. Ni kaina na ji warin rannan."

Ta ture ludayin a hankali.

"Azumi nika yi."

"Azumi ranar sunan jikanki? Na mi?"

"Na kahhwarar rantsuwa." Ta dube ni ido cikin ido. "Tun kuna bakin zaure na ji shi, Fatimata. Sai da na ga Almustafa kwance gabana."

Sai na tambaye ta me ya sa ta bari aka shiga.

Ta juya tana kallon ƙofar ɗakin, inda Hajaratu ke zaune da yaron a cinya.

"Biyun da munka binne, ni na tsare ƙohwa," in ji ta. "Ba baƙon warin da ya kai gare su."

Hajaratu ta yi aiki da shimfiɗar nan mai ƙonanniyar kusurwa har ƙarfinta ya ƙare, tana ɗauke da ita a faifai, don jakar ba ta sake moruwa ba. Askar kuwa a ranar sunan ta kwance ta daga gefen zane ta ba ni, na riƙa kankare ƙwarya da ita. Da rana ta faɗi a ranar, Hajaratu ta dama fura da hannunta mai tsaga ta kai wa Kaltumi, suka zauna a tabarma ɗaya Kaltumi ta sha ruwa.